Mai Kaza a Aljihu

Ana ba da labarin wani saurayi ɗan'uwan sarkin Gurgan, can ƙasar Farisa, wanda ya kwanta ciwo har likitocin fada suka rasa gane kansa. Ba ya ci, ba ya sha, kullum sai ramewa yake kamar kazar mayu. Aka kira Ibn Sina. Ya dubi yaron, ya kama tsintsiyar hannunsa, sannan ya ce a nemo masa wanda ya san unguwannin garin kaf. Mutumin ya zo ya shiga lissafo su ɗaya bayan ɗaya, likita na riƙe da jijiya. Da aka ambaci wata unguwa sai bugun jini ya zabura. Ibn Sina ya ce to, a lissafo lungunan wannan unguwa. A kan wani lungu jijiya ta sake harbawa. Aka bi gidajen lungun, aka bi sunayen mutanen gidan da aka tsaya a kansa, har aka zo kan sunan wata budurwa. Likita ya saki hannun ya ce ciwon so ne, ga gidan, ga yarinyar, maganinsa aure.

Nizami Aruzi ne ya rubuta wannan labari a ƙarni na 12, kuma mai ba da labari ba ya rasa ɗan gishirin da zai ƙara. Amma dabarar ta Ibn Sina ce, don ya bayyana ta da alƙalaminsa a cikin Al-Ƙanun, inda yake magana kan ciwon bege. Abin da ya fi burge ni shi ne bai tambayi saurayin komai ba. Bai ce "wa kake so?" ba, balle yaron ya samu abin da zai musa. Ya jera sunaye masu kama da juna, ya ƙyale jini ya nuna nasa.

Yau, kusan shekara dubu bayan rasuwarsa, akwai mutane wajen ɗari a Japan da wannan ce sana'arsu, kuma suna yin irin wannan gwaji kimanin sau 5,000 a shekara a binciken laifuffuka. A ganina su ne suka fi kowa iya aikin da duniya ke kira gano ƙarya, alhali su da kansu ba ƙarya suke nema ba.

Kafin a je gare su, sai an haɗiye wata magana mai ɗaci. Ɗan Adam bai iya gane maƙaryaci ba. A 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu na Amurka, Charles Bond da Bella DePaulo, suka tattara bincike sama da 200 da aka yi da mutum fiye da 24,000, inda ake nuna musu masu faɗin gaskiya da masu ƙarya a ce su bambance. Sun dace sau 54 cikin ɗari. Wanda ya rufe ido ya yi canki-canka zai dace sau 50. 'Yan sanda da alƙalai ma ba su yi wa sauran mutane wani fintinkau ba, sai dai sun fi su amincewa da kansu.

Alamar da kowa ya fi riƙewa, wato kawar da ido, bincike ya nuna ba ta da wata alaƙa da ƙarya. Mu kam bai kamata wannan ya zo mana da mamaki ba. Yaron da ya samu tarbiyya ba ya zuba wa babba ido, sunkuyar da kai yake yi. Ina tuna wata rana a makarantar kwana da aka yi ɓatan kuɗi a ɗakinmu, wani malami ya jera mu ya ce kowa ya dube shi cikin ido ya ce ba shi ba ne. Wani salihin yaro ya kasa ɗaga kai, muryarsa na rawa, ya sha bulala. Bayan mako biyu aka kama mai laifin, wanda ranar ya tsare malam da ido ƙyar ko ƙiftawa babu. Labarin zuciya a tambayi fuska, haka ne, amma fuska tsoro take faɗa, ba ta faɗin dalilin tsoron.

Na'urar da aka ƙirƙiro don ta maye gurbin idon mutum ta gaji wannan ciwo. John Larson, ɗan sanda mai digirin digirgir a ilimin aikin jiki, shi ya haɗa ta a Berkeley ta jihar Kalifoniya a 1921, tana zana bugun jini da numfashi a takarda yayin da ake tambaya. Daga baya Leonarde Keeler ya ƙara mata awon gumin fata. Sai John Reid na Chicago ya zo a 1947 da salon tambayar da har gobe shi ake bi a Amurka: a tambaye ka kai tsaye, "kai ka sace kuɗin?", sannan a jefo wata tambaya mai faɗi da kusan kowa zai ɗan yi ƙarya a kanta, kamar "ka taɓa ɗaukar abin da ba naka ba tun kana yaro?" Wai mai gaskiya ta biyun za ta fi tayar masa da hankali, mai laifi kuwa ta farkon.

To ina dalili? Mutumin da aka kulle a ɗaki, aka ɗaɗɗaure da wayoyi, ya san sarai wace tambaya ce za ta iya kai shi kurkuku. Ko bai taɓa ganin kuɗin ba, gabansa zai faɗi idan aka zo kanta. Hausawa na cewa mara gaskiya ko cikin ruwa gumi yake. Matsalar ita ce mai gaskiyar ma, in ya ga igiya na nufo wuyansa, gumin yake. Ga kuma masu busasshiyar zuciya da ke wucewa sumul. Aldrich Ames na hukumar CIA ya haye gwajin sau biyu, a 1986 da 1991, alhali yana sayar wa Rasha asirin ƙasarsa, ba a kama shi ba sai 1994. Gary Ridgway ya haye a 1984, aka sallame shi, a 2003 ya amsa kisan mata 48. A wannan shekara ta 2003 majalisar binciken kimiyya ta Amurka ta yi lissafin da ya kamata kowane shugaban ma'aikata ya haddace: in akwai 'yan leƙen asiri 10 cikin ma'aikata 10,000, aka saita gwajin don ya kama 8, to bayin Allah kusan 1,600 da ba su ji ba ba su gani ba za su faɗi tare da su.

Wanda ya ga inda gizo ke saƙar shi ne David Lykken na Jami'ar Minnesota. A 1959 ya ce babu wani motsi a jiki da za a nuna a ce wannan na ƙarya ne, don haka a daina nemansa. Abin da jiki ba ya iya ɓoyewa shi ne ganewa. Tun zamanin Pavlov masana na Rasha sun lura cewa dabba ko mutum, da zarar wani abu mai muhimmanci a gare shi ya gifta, jiki kan ɗan ƙame ya juya hankali can. Kana cikin hayaniyar kasuwa, ba ka sauraron kowa, amma wani ya ambaci sunan mahaifinka daga nesa sai ka ji ka waiwaya. Ba ka yi niyya ba. A wannan ɗan lokaci numfashi kan ja baya, bugun zuciya ya ɗan lafa, ƙananan jijiyoyin yatsu su tsuke, tafin hannu ya saki wani gumi da ido ba ya gani amma lantarki na gani, domin jiƙaƙƙiyar fata ta fi busasshiya barin wuta ta ratsa ta.

Kakanninmu sun rigaya sun taƙaita wannan: mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kowa a wurin ya ji an ce as, amma mutum ɗaya kaɗai kalmar ta soka. Lykken ya gwada da ɗalibai da ya sa suka yi satar wasa da kisan wasa. Ya kama kusan tara cikin goma na waɗanda suka yi, kuma cikin waɗanda ba su yi ba, ko ɗaya bai faɗa tarkon ba. Amurka ba ta kula shi sosai ba. Japan ce ta mai da hanyar sana'a, har ta zama ita ce kaɗai hanyar gwajin da 'yan sandan ƙasar ke amfani da ita.

Mai gwajin a can ba shi ne ɗan sandan da ke bin shari'ar ba. Ma'aikacin ɗakin binciken kimiyya ne, irin wanda ke hedikwatar 'yan sandan kowane lardi daga cikin larduna 47 na ƙasar, galibi ya karanci ilimin halayyar ɗan Adam, sannan ya samu horo a cibiyar binciken kimiyya ta 'yan sandan ƙasa da ke Kashiwa, kusa da Tokyo. Mafi yawan aikinsa yana ƙarewa tun kafin ya ga wanda ake zargi.

A ɗauka an fasa gidan wata tsohuwa da dare. Mai gwaji zai karanta duk abin da aka rubuta, ya duba hotuna, sau da yawa ya taka da ƙafarsa zuwa gidan. Abin da yake nema shi ne abubuwan da ɓarawon ya sani, 'yan sanda suka sani, amma duniya ba ta ji ba. Ta ina aka shiga? Da me aka ɓalle tagar? Me aka ɗauka, daga wane ɗaki, a cikin me yake? Ga su nan birjik, sai dai yawancinsu ba su da amfani, kuma tsince masu amfanin shi ne gwaninta ta farko. Ɗan koyo zai ga hoton falo ya ce a tambayi launin labule. Gwani ya san mutumin da ya shiga gidan wani cikin duhu, zuciyarsa na dukan uku-uku, bai ga labule ba. Abin da ya taɓa da hannunsa yake tunawa, da abin da ya shirya tun daga gida, da abin da ya ba shi wahala: ƙarfen da ya zo da shi, aljihun tebur da ya ƙi buɗuwa, karen maƙwabta da ya yi haushi. Gwaje-gwajen da Gershon Ben-Shakhar da abokan aikinsa suka yi a birnin Ƙudus sun tabbatar da haka, abin da ke tsakiyar aikin yana zama a ƙwaƙwalwa, na gefe kuwa zubewa yake. Don haka dole mai gwaji ya shiga rigar ɓarawon, ya bi gidan da idonsa.

Gwaninta ta biyu ta fi wuya, kuma ita ce ta sa nake ganin aikin kamar na maɗinki. An ɗauki zobe. Sai a nemo masa abokan tafiya huɗu: agogo, sarƙa, 'yan kunne, abin hannu. Kowanne sai ya zama abin da za a iya sacewa a gidan tsohuwa, darajarsu kusa da juna, sunayensu ba wanda ya fi wani tsawo ko ban tsoro. In ka jera zobe da tsintsiya da bokiti da tabarma, ka gaya wa kowa amsa. In tambayar makami ce, ka sa wuƙa tsakanin cokali da matsefi, to ko limamin unguwa aka zaunar zai zabura a kan wuƙa. Haka kuma ba a sa abin da ke da wani tarihi a rayuwar mutumin. Wanda mahaifiyarsa ta rasu ta bar masa sarƙa zai motsa in an ce sarƙa, ba don ya saci komai ba. Abin da ake so shi ne jeri wanda a kunnen mai gaskiya duka biyar ɗin ruwa ɗaya ne, a kunnen mai kaza kuwa ɗaya ce as.

Nan ne hanyar ta sha bamban da ta Reid. Mai gaskiya ya ji tsoro iya son ransa, ya yi gumi sharkaf, tsoronsa zai bazu ne a kan duka biyar, tunda bai san wacce ce ta gaskiya ba. Rashin saninsa shi ne garkuwarsa. In tsautsayi ya sa ya fi motsawa a kan zobe, wannan sa'a ce ta ɗaya cikin biyar. Ya sake dacewa a tambayar ƙofa, ɗaya cikin 25. A tambaya biyar jere, ɗaya cikin 3,125, a shida kuwa ɗaya cikin 15,625. Wannan lissafi yana tsayawa ne kawai in ɗinkin ya yi kyau, shi ya sa ake ɓata kwanaki a kan kalma biyar.

Ranar gwaji ba a yi sai mutum ya yarda ya sa hannu. Ɗaki ne shiru, ba abin da zai ɗauke hankali. A ɗaura masa ɗamara mai talewa a ƙirji da ciki don numfashi, a manna 'yan ƙarafa a yatsu biyu don gumi, wasu don bugun zuciya, a maƙala wani a kan yatsa yana auna cikar jini. Akan fara da ɗan wasa: ya zaɓi kati mai lamba, a kira lambobin ɗaya-ɗaya, ya ce a'a ga kowacce. Da wannan ake ganin yadda jikinsa ke amsawa, shi kuma ya saba da tsarin. Sannan, abin da kan ba baƙo mamaki, a karanta masa tambayoyin duka da zaɓinsu tun kafin a fara, a tambaye shi ko akwai wanda ya riga ya sani. In ya ce ai ya ji a talabijin zobe ne, ko ɗan sandan da ya kama shi ya faɗa, an jefar da wannan tambayar ke nan. Ba kwanton ɓauna a cikin aikin.

Sai a fara. "Abin da aka ɗauka, agogo ne?" "A'a." Shiru na daƙiƙa 20 zuwa 30, don jiki ya koma daidai. "Sarƙa ce?" "A'a." Shiru. "Zobe ne?" "A'a." Murya ɗaya, nauyi ɗaya, kamar mai kiran sunaye a aji, domin mai gwajin ya san amsa, kuma in muryarsa ta ɗan yi nauyi a kan zobe ya lalata aikin kwana uku. A allon kwamfuta kuwa, daƙiƙa ɗaya zuwa uku bayan kalmar, layin gumi ya tashi kamar tudu, tsaunukan numfashi su gajarce, bugun zuciya ya ja baya. Sau ɗaya ba hujja ba ce, ƙila tari ne ya taso masa, ƙila wata mota ce ta wuce. Sai a sake jerin, a sauya tsari, zobe ya dawo na biyu, ya koma na ƙarshe, har sau uku zuwa biyar. In duk inda zobe ya je tudun ya bi shi, to an ga wani abu.

Wani lokacin ma 'yan sandan ba su san amsar ba. Mutum ya ɓata, ana zargin an kashe shi, ba a ga gawa ba. Sai a raba taswira gida-gida, a bi da wanda ake zargi: a dutse ne, a kogi, a teku, a cikin gini? Inda jiki ya amsa, a sake yanka wannan yanki ƙanana, a sake bi. Unguwa, lungu, gida, suna. Hanyar Ibn Sina ce tsaf, sai dai abin da ke ƙarshenta ba ɗaurin aure ba ne. Kyawun wannan salo shi ne ana iya zuwa a tona a gani, ƙasa ce za ta gaskata na'ura ko ta ƙaryata ta.

An yi ta ƙoƙarin tsallake fata a leƙa ƙwaƙwalwa kai tsaye. Akwai wani motsin lantarki da ake kira P300, wanda kan bayyana kamar sulusin daƙiƙa bayan mutum ya ga abin da ya sani cikin jerin baƙin abubuwa, kuma Peter Rosenfeld da Lawrence Farwell da Emanuel Donchin sun gina gwaji a kansa tun wajen 1990. Yana aiki a ɗakin bincike, amma shi ma sai an ɗinka masa tambayoyi, hular wayoyi ba ta gyara mummunan jeri. Kamfanonin da suka ce za su ga ƙarya a hoton ƙwaƙwalwa kuwa, wata kotun tarayya a Amurka ta ƙi karɓar shaidarsu a 2010. A shekarar ce kuma kotun ƙolin Indiya ta hana a yi wa kowa irin waɗannan gwaje-gwaje bisa tilas. Ni dai duk sanda na ji ana tallar sabuwar na'ura mai karanta zuciya, abin da nake so in gani shi ne takardar tambayoyinta.

Hanyar Japan ma tana da inda take ɗingishi. Wanda ya yi laifi cikin maye, ko aka daɗe ba a kama shi ba, yana iya mantawa, sai ya fita fes. Kuskurenta ya fi karkata ga sakin mai laifi fiye da kama mai gaskiya. Wanda aka koya wa dabara yana iya danna yatsan ƙafa ko cizon harshe a kan zaɓin banza don ya rikita layukan. Babban abokin gabarta kuwa shi ne baki. Da zarar jami'i ya tsaya gaban 'yan jarida ya baje kayan da aka sace a tebur, ko mai tuhuma ya daka tsawa ya ce "ina zoben tsohuwar?", ya ƙone tambayar har abada. Gwajin yana rayuwa ne a inda 'yan sanda suka iya riƙe bakinsu, kuma suke kai mutum wurin mai gwaji tun kafin a fara matsa shi da tambaya.

Tun 1968 kotun ƙolin Japan ta amince a karɓi sakamakon a matsayin shaida, bisa sharuɗɗa. Duk da haka, in ka ga rahoton mai gwaji za ka ce rowar magana yake. Ba zai rubuta cewa mutumin ɓarawo ne ba, ba zai ce ya yi ƙarya ba. Tambaya-tambaya yake bi: a kan abin da aka ɗauka, akwai alamar ya gane zobe, a kan hanyar shiga, akwai alamar ya gane tagar kicin, a kan abin da aka ɓalle ta da shi, ba a ga alama ba, a kan ɗakin, ba a iya yanke hukunci ba. Ta yaya ya san zoben? Ƙila shi ya ɗauka, ƙila gadi ya yi a bakin ƙofa, ƙila ƙaninsa ne ya shigo da shi gida da asuba ya gani. Wannan ba ya cikin layukan, don haka ba ya cikin rahoton. Mai gwaji ya sa hatiminsa, ya miƙa wa masu bincike takardar, ya kwance wa mutumin ɗamara da wayoyi.